Ɗigo Ɗari Biyu da Goma Sha Ɗaya

A Joensuu, watan Nuwamba,
rana takan leƙo ne kamar wadda ake bi bashi, ta koma.
Tun ƙarfe uku Tuovi ta kunna fitila,
ta ja kujera,
ta buɗe kurmin da aka aiko mata a kwamfuta.

Ba ganye, ba ƙamshi.
Ɗigo ne bisa ɗigo, miliyan ɗari huɗu.
A watan Mayu jirgi ya ratsa saman Ilomantsi
yana yafa hasken lesa kamar mai yafa iri,
kowane tsinken haske ya sauka, ya taɓa abin da ya taɓa,
ya koma da labari:
nan na tsaya, tsawon wurin kaza.

Aikinta ta ƙi yarda.
Don haka ake biyanta.
Abin da sama ta faɗa, sai an tambayi ƙasa.

Ta fara da inda layi biyu suka haɗu.
Jirgi ya je gabas, ya juyo yamma,
sai ga rufin wata rumfar kwalekwale ya fito sau biyu,
ɗaya bisa ɗaya,
santimita goma sha huɗu tsakani.
Rufi ɗaya ne. Ta san shi,
ta taɓa fake wa ruwa a ƙarƙashinsa.
Ta rubuta: a daidaita.

Tabki kuwa rami ne baƙi.
Ruwa ya shanye haske, bai ce uffan ba.
Wannan halinsa ne, ba kuskure ba.
Ta wuce.

Fadama ce mai gardama.
A Satumba ita da Veikko sun kutsa ciki,
takalman roba, sandar awo,
wuri talatin suka kafa ta.
Gansakuka na lotsawa kamar katifa,
Veikko ya nutse har gwiwa, ya ɗaga kai:
"To ina ƙasar take?
Inda haske ya tsaya, ko inda ƙafata ta tsaya?"
Har yau tana bin lambobin nan,
bambancin bai kai taƙi ba,
amma taƙi a fadama
shi ke faɗin inda ruwa zai kwana.

Sai can wajen ƙarfe shida
na'ura ta shafa wa wasu ɗigo ja.
Ɗari biyu da goma sha ɗaya,
rataye mita casa'in bisa kan itatuwa,
ba reshe, ba waya, ba hasumiya.
Shara, in ji na'ura.

Ta juya hoton. Ta sake juyawa.
Kan kibiya ne, ɓari ɗaya ya fi tsawo,
tsininsa na duban arewa maso gabas.

Dinyoyi.

Ta duba lokaci:
sha bakwai ga Mayu, biyar da arba'in na asuba.
Makon nan ne mahaifinta,
kwance, robar iska a hanci,
ya tambaye ta ko sun wuce.
Shekara hamsin yana ƙirga su daga bakin rijiya.
Ta ce ba ta lura ba.
Da gaske ba ta lura ba.

Shayi ya huce.
Wani a ƙasan bene yana kankare gilashin mota.

In ta bar su, taswira za ta rantse
akwai itace mai mita ɗari da goma a Ilomantsi,
masu lissafin kurmi su ɗora ƙarya bisa ƙarya.
Ta sani.
Ta zagaye su, ta kwafe a wani ɗan fayil
da ba ya cikin kwangilar kowa,
sannan ta goge.

Sama ta koma wayam.

A rahoto, layi na tara:
An cire ɗigo 211.
Dalili: tsuntsaye.

Ta sa rigar sanyi.
A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗaga kai,
dusar ƙanƙara na saukowa ɗigo ɗigo,
ba wanda ya koma.